Kada Ka Juyo Daga Jega

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka, Sambo baduku na Ƙofar Marke, zuwa ga wanda ke zangon Wamakko cikin ayarin Madugu Gado, ya dai san kansa. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare jakunanka da abin da ke bisansu, Ya haɗa ka da mutanen kirki a kowane zango. Innarka tana gaishe ka, ko da yake ba ta ce in faɗa ba. Goggonka Hajo tana gaishe ka, ita kam ta ce in faɗa, ta kuma tsaya a kaina sai da ta ga tawada ta bushe.

Bayan haka, wannan takarda kai kaɗai za ka karanta ta. Ka koma bayan jakuna ka zauna, kada ka miƙa wa kowa ya taya ka, ko da rubutun ya yi maka gardama. Hannun da ya saba da basilla ne ya riƙe alƙalami. Na ba maƙwabcinmu Malam Isa ya kawo maka, da yake zai zo fadamar Wamakko yankan shinkafarsa, ya kuma ce mini ayarinku na nan yana jiran fataken da ba su iso ba. Na gode Allah da wannan jira.

Na san za ka yi mamaki. Tun da aka haife ka, zancen da ya fi tsawo tsakanina da kai bai wuce "an ba akuya ruwa?" ba. Kai ɗan fari ne, haka kuwa muka tarar ana yi: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zaman hira da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. In zan ambace ka sai in ce "yaron nan", ga ka da gemu. Lokacin da ƙanena, Baffanka, yake da rai, shi ne bakina. Abin da na kasa gaya maka shi ke gaya maka, ya ƙara da nasa. Tun da Allah Ya karɓi abinsa bara na zama kamar ɗaki babu ƙofa, akwai kaya a ciki, babu ta inda za a fito da su.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da ka tafi, rana ba ta yi zafi ba sai ga Goggonka ta faɗo zaurena, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

Ta ce, "Kai Sambo, mi kac ce ma yaron ga da yaz zaka yi maka bankwana?"

Na ce, "Adda, na ce mai to."

Ta ce, "To? To ɗai? Yaro za shi Gwanja, ya durƙusa gabanka, kai kana soka basilla ga hwata, ko kai ba ka ɗaga ba, kac ce to! Ga abin da to ɗinka yaj jawo. Da nir raka shi bakin ƙohwa, ya ce mini, 'Goggo, Baba bai yarda da tahiyag ga ba. Ga salla ta matso, ga shi bai daɗe da tashi ciwo ba, babu mai riƙe mai rago. In munka kai Jega ina damƙa ma Madugu kayana in juyo.' Ka ji aikinka."

Na ji aikina. Basillar ma sai da ta soke ni a yatsa.

Saboda haka ga maganata tun daga farko, don kada ta ɓace maka cikin surutun tsoho: kada ka juyo daga Jega. Na yarda da tafiyarka. Ba yarda kawai na yi ba, daɗi na ji. Da takun jakunanka ya yi nisa a lungu, wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjina. Sa'o'inka duk sun fita, wasu sun je Gwanja sun dawo har sun sake komawa, kai kana zaune kana gadina, kana yanka mini fata, ayari na wucewa ta ƙofar zaure idonka na binsa. Kana tsammani ban gani ba ne? Tsorona kada in wayi gari in ga ka tsufa a kan buzu saboda ni. Kan da na sunkuyar ranar nan ba na fushi ba ne. Da na ɗaga, da ka ga abin da bai kamata ɗan fari ya gani a idon ubansa ba.

Batun ciwo kuwa, ya tafi tare da damina. Zazzaɓin ya sake ni, ina cin tuwo har in nemi ƙari. Geron gonarmu ta bakin gulbi ya shiga rumbu, ka gani da idonka, dawa ma ta sunkuyar da kai tana jiran girbi. Bana ba ta bar mana abin kuka ba, alhamdu lillahi. Ragon da kake tsoron ya fi ƙarfina kuwa, jiya da hantsi na je turke na kwance shi don in gwada. Gaskiya shi ya fara kayar da ni, har Innarka ta rufe baki da gefen zane tana dariya a bakin madafa. Amma na tashi na damƙi ƙafarsa ta baya na kwantar da shi, na zauna a kansa sai da ya daina shure-shure. Ranar salla Malam Isa zai riƙe mini, mu soke shi a sanduna tare da nasa, wuta ɗaya ta ishe mu. Kada rago ya dawo da kai gida.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa ambaton Jega ya sa na soke yatsana. Ka tashi ka ji tsofaffin unguwa suna ce mini Na-Jega, na kuma san kana tsammanin don na yi ciniki mai yawa a can ne. Baffanka ne ya bar ka a kan haka don ya rufa mini asiri. Ba haka zancen yake ba.

Rabon da layya ta faɗo cikin kaka irin ta bana tun ina saurayi, ban kai shekarunka ba. Ka san salla zagaye take yi, ta bi damina, ta bi bazara, ta bi rani, sai mutum ya yi furfura kafin ta komo inda ya fara saninta. A waccan shekara na yi fitata ta fari, da jaki ɗaya da jemammun fatun mahaifina, cikin ayarin wani madugu da ya riga mu gidan gaskiya tuntuni. Kai, tafiyar kaka daɗi gare ta! Za ka gani. Ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe amma rafuka ba su ƙafe ba, ciyawa ta ishi dabba ko'ina. Duk ƙauyen da muka ratsa ana sussuka, mata na shiƙa, ƙanshin sabon gero yana tarye mu tun daga nesa. Mutum bai san ka ba zai miƙo maka zangarniya ya ce gasa ka ci. Fulani sun sako shanu cikin gonakin da aka girbe, nono har sai ka ce ya isa. Ina tafe a bayan jakina ina jin duniyar duk tawa ce.

Haka muka isa Jega. Muna zango a bayan gari, da magariba wani ya nuna sama ya ce ga jinjirin watan salla. Kowa ya yi addu'a ya koma ga tukunyarsa. Ni kuwa sai gida ya faɗo mini a rai. Na tuna yadda ake jera raguna a sanduna kewaye da wuta a ƙofar gidanmu, hayaƙi ya rufe unguwa. Na tuna kayan cikin da uwata ke soyawa ta ɗebo mini da zafinsu. Na tuna rigata ta salla tana ninke a adaka. Tuwon da aka tuƙa a zango ranar nan ya ƙi wuce mini wuya. Ba wanda ya zage ni, ba abin da ya same ni, kewar gida ce tsagwaronta, irin wadda ke kama mutum in salla ta matso yana wani wuri.

Gari na wayewa na je na tsuguna gaban madugu na ce cikina ke ciwo. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ciwon cikin ga na san shi, watan salla ka kawo shi. In ka daure ka ƙetare Kwara shina sakinka." Ban daure ba. Na bar masa jaki da fatu, na biyo wasu masu busasshen kifi da za su Sakkwato, ina tafe ina ƙiyasta irin murnar da za a yi in aka gan ni.

Na iso ranar jajibiri, na tarar da mahaifina a zaure yana wasa wuƙa. Ni ba ɗan fari ba ne, Goggonka ce ta sha wannan, saboda haka bai ji nauyin yi mini magana ba.

Ya ce, "Lahiya? Hari anka kai muku?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Madugu ya rasu?"

"Shina nan lahiya lau."

"To ina jakina? Ina hwatuna?"

Na ce, "Suna gaba. Ni salla niz zo yi."

Ya dube ni ya ce, "Ashe nama kab biyo. To shiga, akwai nama."

Nama kuwa na ci, amma ban taɓa cin wanda ya yi mini ɗaci kamarsa ba. Uwata da na zaci za ta yi guɗa, kuka ta yi, don ta riga ta gaya wa matan unguwa ɗanta ya tafi Gwanja. A filin idi duk wanda ya gan ni sai ya ce, "A'a, Gwanja ta matso kusa haka?" Kafin a gama rabon nama sunan ya kama ni. Sallar da na baro ayari dominta ta zo ta wuce kamar kowace salla, aka kwashe toka, aka share ƙofar gida, na zauna ina kallon bango, abokan tafiyata suna can suna ƙetare Kwara. Da suka dawo da goro labarinsu ya cika zaure, ni nawa labarin ya ƙare a Jega. Madugai kuwa suna da kunne. Na sha rani da damina ina roƙo kafin wani ya yarda ya sake sa ni cikin ayarinsa, shi ma sai da mahaifina ya taka da kansa.

To ka ji. Wannan abin zai zo maka, babu shakka. Zai same ka a Jega ko kusa da ita, ranar da za a ga wata. Zai zo da fuskar tausayi, ya ce maka tsohonka ba shi da lafiya, ya ce maka wa zai riƙe rago. Ni nawa da ciwon ciki ya zo, kai naka ya fi nawa wayo. In ya zo kada ka zauna kai kaɗai. Tashi ka je inda ake hira, ka duba ƙafar jakinka, ka ɗebo ruwa ko da an ɗebo. Ka daure ka ƙetare Kwara, zai sake ka. Madugun nan gaskiya ya faɗa, ni ne ban tsaya na gani ba sai daga baya.

Tun da na ambaci Kwara, ga wata wauta tawa, kada ka maimaita ta. A fitata ta biyu, da muka iso mashigi, na ga ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba. Gulbinmu in aka kai shi can rafi za a ce masa. Masu fito suna ɗora kaya a jirgi, jakuna kuwa iyo suke yi a gefe, mai jaki yana zaune cikin jirgin yana riƙe da igiya yana tallafe kan dabbar. Ni da nake so in wanke sunana, na ce ba za a je gida a ce Na-Jega ya saki jaki a ruwa ba, sai na naɗe igiyar a wuyan hannuna na ƙulle tam. Mai jirgin ya yi mini magana da harshensu, ya nuna hannuna, na yi kamar ban gani ba. Muna tsakiyar ruwa jakin ya firgita ya yi ƙasa, sai ji na yi na bar jirgi. Na sha Kwara har na ƙoshi. Mai jirgin ne ya cafko ni ta wuyan riga, ya sa wuƙa ya yanke igiyar. Jakin kuwa da aka sake shi ya yi iyonsa ya riga mu fita, ya tsaya a gaɓa yana kaɗa kunne yana kallona ina amayar da ruwa. Saboda haka ka riƙe igiya a tafin hannu, yadda in ta ja ka za ka iya saki. In mai jirgi ya nuna maka abu, ko ba ka jin harshensa, ka bi. Kuma kada ka yi wani abu a hanya don kawai a zo a faɗa a gida.

A wannan fita ce kuma na yi sallar da har yau ban yi wadda ta fi ta daɗi ba, ba kuwa a Sakkwato na yi ta ba. Ta same mu a wani ƙaramin gari a ƙasar Borgu, farkon kaka, doya ta fito. Mai masaukinmu wani dattijo ne mai jin Hausa kaɗan-kaɗan, matarsa kuwa wata gajeriyar tsohuwa ce mai faɗa irin na Goggonka. Mun tashi ranar salla jiki a sanyaye, kowa yana tunanin gidansu. Muka yi idi a ƙarƙashin wata ɗorawa, mu da musulmin garin, sahun ma ba shi da tsawo. Muna dawowa sai ga dattijon ya jawo rago, ya ce ba za a ce baƙinsa sun yi salla a gidansa babu yanka ba. Muka haɗa da wanda muka saya, muka yanka, muka feɗe, muka soke su a sanduna muka kafa kewaye da wuta yadda ake yi a gida. Mutanen garin suka taru suna kallo. Da suka ga mun ci kayan ciki mun bar naman yana tsaye sai gobe, tsohuwar ta kama haɓa ta ce, da Hausarta mai karkata, waɗanne irin mutane ne waɗannan, su yanka nama su zauna suna gadinsa?

Sai ta tausaya mana ta kawo sakwara, doyar da aka kirɓa a turmi, fara sol, da miya. Nan na yi wautata. Na leƙa akushi na ce wa na kusa da ni, da ƙarfi kuma, "Wanga abu mai kama da danƙo, ranas salla? Su ba su da gero?" Ashe tana bayana. Ta sunkuya ta ɗauke akushin daga gabana ta ajiye gaban sauran, ta koma ta tsaya ta harɗe hannu. Suna ci suna lumshe ido, ni ina haɗiyar yawu. Madugu ya ce, "Tashi ka ba uwag gida haƙuri, ko ka kwana da girman kanka ga ciki." Na tashi na je na durƙusa. Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta yi tsami, sannan ta fashe da dariya, ta shiga ta ɗebo mini wadda ta fi ta kowa. Na ci har sai da aka ja hannuna kafin na tashi sallar magariba. Washegari muka rarraba naman gida-gida, musulmi da wanda ba musulmi ba, aka fito da ganguna, 'yan garin suka yi rawa, mu muka yi musu tafi. Da za mu tashi, tsohuwar ta ƙulla mini garin doya a tsumma, ta ce in kai wa uwata don ta san ɗanta bai kwana da yunwa ba. Har yau in salla ta zo sai na tuna da matar nan, Allah Ya saka mata.

Abin da aka ajiye a gabanka ka yi bisimilla ka ci, ka yaba, ko bakinka bai san shi ba. Mu Sakkwatawa muna da wannan ciwo, gani muke daga ganuwarmu an gama duniya, tuwon kowa ba tuwo ba ne, karatun kowa ba karatu ba ne. Ka sauke wannan a Wamakko, kada ka ɗora wa jaki. Ka girmama mai masauki, ka fi girmama matarsa, don ita ke riƙe da ludayi. Kuma ka sani ba a Ƙofar Marke kaɗai salla ke sauka ba. Inda ta same ka nan ne gidanka ranar nan. Ka yi wanka, ka sa rigar da Innarka ta cusa a ƙasan kayanka, ka je idi, ka saki fuska. In ka yi mana addu'a daga can, ta iso.

Hanyarku ba irin tamu ba ce, wannan ma yana cikin abin da ya kwantar mini da rai. A zamaninmu wa ya isa ya bi ta yamma da kaya? Tsakaninmu da Kabawan Argungu sai mashi. Sai mu karkata ta Tambawal, kowa da kwari da baka, in kara ya motsa gaba ya faɗi. Yanzu ga ku za ku ratsa Argungu da rana tsaka, har ku tsaya ku sayi kifi. Ban ce ina murna da zuwan Nasara ba. Na ga ranar da suka shigo garin nan, ba na kuwa fatan sake ganin irinta. Amma hanya ta kwanta, wannan ba zan yi ƙarya a kansa ba. In kun haɗu da ɗayansu ka kauce, ka yi gaisuwa, ka bar Madugu ya yi magana. Kada ka yi abota da masu yi musu tafinta don a ce ka san manya, kada kuma ka tsaya kallo. Na taɓa tsayawa kallon wani a bakin kasuwa, baki sake, ban ankara ba sai ga akwatinsa a kaina, na kai shi har bayan gari, ni da furfurata.

Madugu Gado mutumin kirki ne, ka bi shi sau da ƙafa. Kana tsammanin Goggonka ce ta roƙar maka wuri a ayarinsa. Ni ne na taka, ina dogara sanda, zazzaɓin ma bai gama sakina ba. Shi kuwa ya san asalin sunan da ake kirana da shi.

Ya ce, "Sambo, ɗan Na-Jega za ka ba ni? In yaj juyo hwa?"

Na ce, "Wanga ba irina ba na. In yaj juyo, ka kira ni da sunan da kaka so har in mutu."

Ka ga ke nan ba sunanka kaɗai ke bisa jakunan nan ba.

Sannan ka dubi ƙafarka. Takalman nan da Goggonka ta ba ka ta ce a kasuwa ta saya, ka taɓa jin baduku ya bar ɗansa ya tafi Gwanja da takalmin kasuwa? Ni na ɗinka su. Ban iya cewa kawo ƙafarka in auna ba, sai na jira ka yi alwala a bakin randa ka taka damshi ka wuce, na bi bayanka da kara na auna sawun. Na ninka musu ƙasa da kirgin sa, na yi ɗinkin yadda ba zai ci maka yatsa ba. Ina yi ina cusawa ƙarƙashin buzu in na ji tafiyarka. An yi su ne don su kai Gwanja su dawo. In ka juyo da su daga Jega ko gogewa ba su yi ba, ka ɓata mini aiki.

Rabonka na layya, Innarka ta ce za ta soya ta nutsa shi cikin kitse ta rufe a tukunya ya jira ka. Ban yi maka alkawarin zan bar shi ba. Tsaraba kuwa kada ka wahalar da kanka. Goggonka goro take so, fari, manya-manya, ta ce in ka kawo mata ƙanana ka koma da abinka. Ni labari nake so. Ka dawo da labarin da ya wuce Jega, ka zauna a zaure ka ba Malam Isa, ka ɗaga murya, ni ina gefe ina ɗinki kamar ba na ji.

Saura abu ɗaya. Goggonka ta fita, babu kowa a zauren sai ni. Ranar da aka raɗa maka suna gidan maƙwabta na gudu, ta kan katanga na ji shi, tun ranar kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. Baffanka ba ya nan da zai faɗa a madadina, ni kuma ba na so ka hau ruwa kana shakka. Bakina dai ba zai iya ba, amma hannuna ya ce zai gwada.

Haliru. Haliru ɗana. Na yarda, na sa maka albarka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya ƙetarar da kai Kwara lafiya, Ya kare ka daga sharrin hanya da na mutum, Ya sa ka yi salla cikin mutanen da za su so ka. Ya dawo mana da kai ranar da tafiya ta ƙare, ba kafin nan ba.

In ka dawo kada ka tayar mini da wannan zance. Za ka durƙusa, zan ce maka "to", kai kuwa yanzu ka san abin da ke cikin wannan to ɗin.

Aminci ya tabbata a gare ka da duk wanda ke tare da kai. Wassalam.